RA'AYINMU: Maganin Hawan Jini Ba Ya Tafiya Hutun Salla

Duk wanda ya daɗe a zangon Agege ko Idi Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya taɓa jin irin labarin da za mu fara da shi, in ma bai faru a ɗakin da yake kwana ba. Magidanci ya je asibiti da ciwon kai, aka ɗaura masa na'ura a dantse, likita ya ce jininsa ya hau, aka rubuta masa ƙwayoyi. Ya sha wata ɗaya ko biyu, ya ji garau. Ana nan sai Salla ta gabato, ko kuwa damina ta faɗi, ya ɗaure kayansa ya nufi gida. Tsarabar yara tana cikin jaka, atamfar uwargida ma haka, amma ƙwayoyin sun ƙare tun kafin ya hau mota, ko kuma ya baro su a kan taga. Bayan wata uku sai a bugo waya a ce ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. A zango kuwa sai a yi ta salati ana cewa ai lafiyarsa ƙalau ya tafi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi masa.

Rai da ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma mu a ganinmu, da yawa daga cikin waɗannan faɗuwa suna da sanadin da ake iya kauce masa, kuma sanadin yana cikin yadda jama'armu suke mu'amala da maganin hawan jini da na zuciya.

Tushen kuskuren shi ne an ɗauki wannan magani kamar na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha kwana uku a rabu da shi. Hausawa sun ce jiki magayi, to amma a wannan ciwo jiki ba ya gaya wa mai shi komai. Mutum yana iya yawo shekaru da jini a sama yana saran nama a mayankar Oko-Oba, ko yana tuƙa tirela daga Apapa zuwa Kano, bai ji ko ɗar ba, alhali kuwa jijiyoyinsa suna ta ƙanƙancewa, zuciya tana kauri saboda wahalar turin jini, ƙoda tana lalacewa a hankali. Na'ura ce kaɗai take faɗin gaskiya. Lambobi biyu take bayarwa, ta sama da ta ƙasa, kuma in an auna mutum a ranaku dabam dabam aka ga ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini ko da yana jin zai iya kokawa da bijimi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa masu wannan ciwo a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, sa'an nan huɗu daga cikin kowane biyar ba sa samun maganin da ya rike musu jinin yadda ya kamata.

Ƙwayar nan linzami ce. Muddin tana bakin doki yana tafiya daidai, ranar da aka zare ta kuwa sai ya koma halinsa. Saboda haka idan mai shan magani ya je awo aka ce jininsa ya sauka, ma'anar wannan ita ce maganin yana aiki, sai a ci gaba da sha. Yawancin masu wannan ciwo za su sha magani iyakar rayuwarsu, kuma gara a gaya wa mutum haka tun ran farko, da a bar shi yana jiran ranar sallama.

Akwai ma wani jinsin magani wanda yanke shi farat ɗaya haɗari ne mai zaman kansa. Shi ne dangin atenolol da furofaranolol, waɗanda aikinsu rage gudun bugun zuciya. Wani masanin Birtaniya, James Black, shi ya ƙirƙiro na farkonsu da ya karɓu a shekarun 1960, har aka ba shi lambar Nobel a 1988. Zuciyar da ta saba da wannan magani, in aka yanke mata shi dare ɗaya, sai ta zabura da gudu, jini ya yi tsalle, wanda kuwa jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntace yana iya kamuwa da ciwon ƙirji mai tsanani ko ma zuciyar ta buga. In za a daina shi, likita ne yake rage shi sannu sannu cikin mako ɗaya ko biyu. To, ɗan ci-ranin da ƙwayarsa ta ƙare a Lakwaja ya ce bari in ya dawo bayan Salla ya saya, ya yi wa kansa daidai abin da likitoci suke gudu. Wanda duk zai yi tafiya wajibi ne ya ƙirga kwanakinsa, ya ƙara na mako biyu a kai saboda halin hanya da na gida, ya sayi maganin kafin ya sayi tsaraba. Kuma a aljihun rigarsa ko ƙaramar jakarsa zai sa shi, domin zafin akwatin gaban mota ko kayan da aka ɗaure a kan rufi cikin rana yana rage ƙarfin magani.

Abu na biyu da muke gani a zango, wanda kuma zumunci ne yake jawo shi, shi ne aron magani. Mutum ya ce kansa yana sarawa, abokin kwanansa ya ce ai ni ma haka nawa ya fara, karɓi wannan. Niyyar kyakkyawa ce, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Magungunan hawan jini iri iri ne, kowanne da hanyar da yake bi da kuma wanda bai dace da shi ba. Furofaranolol ɗin da ya zauna wa wani lafiya, in mai ciwon asma ya sha yana iya toshe masa numfashi, mai ciwon sukari kuwa yana iya ɓoye masa alamun saukar sukari har ya suma bai ankara ba. Amlodifin, wanda ake yawan rubutawa a ƙasar nan mai miligiram 5 ko 10, yakan kumbura wa wasu idon sawu. Moduretic da danginsa suna sa yawan fitsari, suna rage ruwan jiki. Lisinofiril yakan sa wasu busasshen tari marar majina, wanda mutum zai yi ta shan maganin tari a banza, alhali da ya koma ya faɗa sai a canja masa da wani.

Shi lisinofiril ɗin yana da abubuwa biyu da ya kamata kowane gida ya sani. Na farko, wani lokaci yakan kumbura leɓe ko harshe ko fuska, kuma wannan ya fi samun baƙar fata. Wanda ya ga haka kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a, domin kumburin yana iya kaiwa maƙogwaro. Na biyu, shi da ɗan'uwansa losatan suna cutar da ɗan da ke ciki, musamman ƙodarsa. Muna jawo hankalin magidanta a kan wannan, tun da yake a gidajenmu da yawa maigida ne yake zuwa kemis a madadin iyalinsa. Matar da take shan ɗaya daga cikin waɗannan, da zarar ta ga ɓatan wata, ko ma tun tana sa ran haihuwa, a kai ta ta ga likita. Akwai waɗanda aka san amincinsu ga mai juna biyu, irin su Aldomet, sai a mayar da ita kansu.

Zaɓen magani ilmi ne da ake bincike a kansa. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, a kan majiyyata 728, inda aka ga cewa ga baƙar fata haɗin ƙwaya biyu da yake da amlodifin a ciki ya fi saukar da jini bisa ga haɗin da babu shi. In masana sai da suka bi ɗaruruwan mutane wata shida suna awo kafin su yanke wannan hukunci, yaya yaron kemis a bakin tasha zai dubi fuskar mutum ya yanke masa a tsaye?

Wannan ya kawo mu ga abin da muka fi jin tsoro, watau abin da ake sha a kan maganin. Jama'armu a Kurmi aikin ƙarfi suke yi: dako, turin ruwa, gadi, yankan nama, acaɓa, doguwar tuƙi. Da yamma jiki ya yi tsami, sai a tsaya wajen mai kemis a ce a haɗa mini na ciwon jiki. Ya zuba ja da fari da rawaya a ƙullin leda, babu suna babu kwali. A cikin irin wannan haɗi ba a rasa dikulofenak ko ibufurofen ko Feldene, wani lokaci ma biyu daga cikinsu tare. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jini, su rage ƙarfin maganin da likita ya bayar. In kuwa suka haɗu da lisinofiril da maganin sa fitsari a jikin mutum guda, su ukun sukan taru a kan ƙoda, ga kuma zafin rana da gumi, har ta kai ga ƙodar ta tsaya. Wankin ƙoda kuwa kowa ya san ba kuɗin ɗan dako ba ne. Mai hawan jini in ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa aminci, shi ma bisa ƙa'ida. Magungunan mura masu buɗe hanci su ma da yawansu suna ɗaga jini, sai a tambaya kafin a saya.

Akwai kuma wanda ba a son faɗi a bainar jama'a, amma tilas mu faɗa. Mai ciwon ƙirji na zuciya da aka ba shi ƙwayar sawa a ƙarƙashin harshe, ko Isordil da makamantansa, in ya haɗa da Viagra ko wani mai irin sinadarinsa, jininsa yana iya faɗuwa warwas, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Abin da ya ƙara muni shi ne hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano wannan sinadari a ɓoye cikin abin da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya na ƙarfin maza, ko shayi ko zuma. Mai shelar magani da lasifika a tasha ba zai tambayi mai saye abin da ke aljihunsa ba. Gaskiya ne wasu magungunan hawan jini sukan rage wa wasu maza kuzari, kuma mun san wannan yana cikin dalilan da suke sa magidanta su jefar da ƙwaya su yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita, yana da wani da zai canja. Haka nan a gaya masa duk wani jiƙo ko tsimi ko sassaƙe da ake sha, ko na gida ne ko irin na masu masaukinmu da ake sayarwa a kwalabe. Zoɓo ma da ake yabo, an ga yana ɗan saukar da jini, amma bai kai ya tsaya a madadin ƙwaya ba.

A ɓangaren abinci, kowa ya ji an ce a rage gishiri. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 a yini, watau wajen ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da burodi da taliyar leda. Gwauron da ke cin abincin saye safe da dare yakan wuce wannan tun kafin azahar. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne kanwa. Ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta jingim. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciya da suke gani ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon wuta. Mai shan maganin hawan jini ko na kumburin zuciya, in yana shan kunun kanwa ko jiƙonta don ciwon ciki, yana ɗebe da hagu abin da ya zuba da dama.

Game da azumi, maganarmu gajeriya ce. Yawancin waɗannan ƙwayoyi sau ɗaya ake shansu a yini, saboda haka ana iya mayar da su lokacin buɗa baki ko sahur, ba sai an ajiye su wata guda ba. Amma a je a ga likita tun cikin Sha'aban ya tsara lokacin, musamman ga mai shan na sa fitsari, wanda ƙishirwa za ta fi galabaitarwa. Wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai har likita ya hana shi, malamai suna nan, ya tambaye su sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.

Sauran ƙa'idodin ba su da wuya. A tsayar da lokaci guda, kamar bayan sallar asuba, don kada a manta. In an manta har lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce, kada a haɗa biyu. A kwanakin farko na sabon magani jiri yakan ɗebi mutum in ya miƙe da sauri, don haka a zauna a bakin gado tukuna, direba da ɗan acaɓa da mai hawa gini kuwa su fara shi ranar da ba su fita aiki ba. In gudawa da amai suka kama mai shan lisinofiril ko na sa fitsari, ya nemi ma'aikacin lafiya a ranar, domin a irin wannan hali akan dakatar da su kwana ɗaya ko biyu har ruwan jiki ya dawo.

Ba mu manta da tsada ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, har wasu suna raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe. Mafita ita ce a gaya wa likita ko masanin magunguna iyakar ƙarfin aljihu, domin magani guda yakan zo da sunayen kamfanoni da yawa, wani ya ninka wani a kuɗi alhali sinadarin ɗaya ne. Amma araha ba ta ado in ta kai ga tiren mai talla a rana. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Ikko da na Anaca da na Aba a watan Fabrairun 2025, ta kwashe jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce mota mota. Jabun maganin hawan jini ya fi na zazzaɓi sharri, gama mai zazzaɓi zai ji bai warke ba ya koma, shi kuwa wannan ba zai ji komai ba sai ranar faɗuwa. A sayi magani cikin kwalinsa a kantin da ke da rajista, a duba lambar hukuma da ranar ƙarewar wa'adi, sa'an nan a riƙa awo ko da sau ɗaya a wata don a tabbata yana aiki.

Muna da kira ga shugabanninmu na zango. Da yawa daga cikin mutanenmu suna shiga ɗakin likita ba su jin Turanci, ba su jin Yarbanci ko Ibo sosai, a yi musu bayani su gyaɗa kai don kunya, su fito ba su san ko sau nawa za su sha ba. In ka tambaye su sunan maganin sai su ce ƙaramar farar nan, alhali ƙananan fararen ƙwayoyi sun fi a ƙirga. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya sayen na'urar awon jini, wadda kuɗinta bai kai na ragon suna ba, su sa ma'aikacin lafiya ya koya wa samari biyu ko uku masu ilmi yadda ake awo, a riƙa yi bayan sallar Juma'a. Waɗannan samari su ne kuma za su raka dattawa asibiti su yi tafinta, su tabbata an rubuta wa kowa kati mai ɗauke da sunan maganinsa harafi da harafi kamar yadda yake a jikin kwali, da yawan miligiram, da lambobin awonsa na baya. Da wannan kati, mutum ko a Illela ko Gumel ko Mubi maganinsa ya ƙare, za a ba shi irinsa daidai. Har wa yau, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta shafi kowane mazaunin ƙasar nan, jihohi kuma suna da nasu tsarin, kamar Ilera Eko a Ikko. Ya kamata shugabanni su je su ji sharuɗɗan su yi wa jama'a bayani.

Saura al'ada guda da muke roƙon a bari. Idan mutum ya faɗi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe shi da gumi, abin da aka saba shi ne a yi karo-karo a nemi mota a kai shi gida wurin danginsa. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kilomita wajen dubu ce, kuma sa'o'in farkon nan da za a ƙarar a kan hanya su ne waɗanda likita yake iya ceton ƙwaƙwalwa ko zuciya a cikinsu. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko ƙwaya, domin mai shanyewar jiki sau da yawa ba ya iya haɗiya, abin sai ya bi ta huhu. Ko asfirin ma kada a ba wanda bakinsa ya karkace sai an yi hoton kai, gama ba a san ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi ba. A kwantar da shi ta gefe, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a kai shi babban asibiti mafi kusa. Mutanen Idi Araba asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko yana unguwarsu, na Sabo ta Badun kuwa tsakaninsu da asibitin koyarwa na Badun tafiyar 'yan mintoci ce. Wanda zai raka shi ya tattara duk kwalayen magani da ƙullin leda da kwalaben jiƙon da ke ɗakin, ya tafi da su ya nuna wa likita.